Kyautar Sallah Mai Kwana: Abin da Za a Haɗa a Gida da Abin da Za a Saya

Ranar idi, tun kafin a sauko daga masallaci, kwanuka sun fara yawo a Boɗinga da Shagari. Yara na shiga gida-gida da tuwon shinkafa da miyar taushe, da masa, da funkaso, da dafa-duka. Kafin la'asar gidan da ke da dangi da yawa ya tara abin da ba zai iya cinyewa ba, washegari kuwa rabin miyar ta yi tsami. Al'ada ce mai kyau, ba kuma mai cewa a bar ta. Amma in akwai wanda ka sani da son daɗin baki, irin mutumin da ke bambance man shanun da aka soya da albasa da wanda aka narka kawai, kada ka jefa kyautarka cikin wannan cunkoso. Ba shi abin da zai buɗe ranar huɗu ga Sallah, lokacin da tukwane suka koma tuwon dawa da miyar kuka, ya tarar da shi lafiya lau.

Kafin a sayi komai, a duba lokacin da Sallar ta faɗo, domin kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, Babba kuma ranar 16 ga Yuni. A 2025, bayan sanarwar fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, an yi Ƙarama ranar 30 ga Maris, Babba ranar 6 ga Yuni. Ke nan a 'yan shekarun nan Ƙarama ta yi ta zuwa da bazara, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, ita kuma Babba tana zuwa a bakin damina, iska ta fara ɗaukar laima. Zafi na narka abu ya sa mai ya yi ɗaci, laima na kawo fumfuna. Duk dabarar kyautar abinci a wannan yanki ta taru ne a wuri ɗaya: a raba abin da ruwa, sannan a rufe shi yadda ruwan ba zai dawo ba.

A ganina babu kyautar gida da ta kai dambun nama. Tsoho mara haƙori na cin sa, yaro na cin sa, ɗalibin da zai koma makarantar kwana na barbaɗa shi a kan shinkafa da mai, matafiyi na sa shi a jaka. Kuma aikinsa ba ya buƙatar komai sai turmi da haƙuri.

Uwargida, nemi tsokar cinya ko ta gadon baya, ta sa ko ta rago, kamar kilo 2. Cire kitse da jijiya tas, domin kitse ne ke fara canja wari in dambu ya kwana biyu. Yanka manya-manya, ki sa a tukunya da albasa 3, da ɗanyar citta da tafarnuwa da aka jajjaga, da gishiri da ɗanɗano, da ɗan attarugu in mai kyautar na son yaji. Ruwa kaɗan za a sa, wanda bai rufe naman ba, a bar shi ya dahu a kan wuta matsakaiciya har sai yatsa na iya wargaza shi. Nan ne wasu ke yin asara: sai su tsame naman su zubar da romon, ko su sha shi daban. A bar romon ya tsotse cikin naman har tukunya ta bushe, domin daɗin dambun yana cikinsa. Daga nan a kwashe da zafinsa a zuba a turmi a daka. Nama mai zafi na saurin sakin jiki; in ya huce sai ya riƙa tsalle yana dunƙulewa. Bayan daka a bi shi da hannu a wargaza, a tsince sauran jijiya.

Suya ita ce wurin da ake gane gwana. Man gyaɗa kaɗan, kamar rabin gwangwanin madara ga wannan adadi, a soya albasa a ciki ta yi ja a tsame ta, sannan a zuba naman a rage wuta. Ba a barin sa ko na minti ɗaya. Juyawa za a yi ta yi, rabin awa ko fiye, har tururi ya daina tashi, launinsa ya koma ja-ja, ya yi sakayau a ludayi, a ji yana ƙara a jikin kasko. In an matsa shi a tafin hannu ya dunƙule, da saura. A nan ne za a barbaɗa garin citta da ɗan masoro. Sai a baza a faranti mai faɗi a rufe da rariya saboda ƙuda, a bar shi ya huce sarai. Dambun da aka rufe da ɗuminsa zai yi gumi a cikin roba, kuma wannan gumi kaɗai ya isa ya lalata aikin yini guda. Wanda ya bushe da kyau, a cikin mazubi busasshe, ana ɗiba da cokali ba da jiƙaƙƙen hannu ba, yana yin makonni. Ana yin irinsa da kaza ko zabo, amma na kaza ya fi son a ci shi da wuri.

A Babbar Sallah aikin ya zo da sauƙi tunda nama na gida. A ƙasar Sakkwato, kamar a maƙwabtanmu na Ƙonni da Tawa, an saba a feɗe rago a buɗe shi a kan sanduna, a jera kewaye da wuta ya sha gashi, sai washegari a yanka a raba. Malamai sun bayyana cewa naman layya ana ci, ana sadaka, ana kyauta, amma ba a sayar da shi, ba a kuma biyan mahauci ladansa da shi. Rabon maƙwabta da mabuƙata a fitar da shi a kan lokaci. Wanda za a aika wa 'yar da ke aure a Birnin Kabi ko ɗan da ke aiki a Kaduna kuwa, a yanka shi ƙanana a soya shi ƙarau a cikin kitsensa da gishiri, a tsane, a barbaɗe da yaji. Ɗanyen nama ko mai rabin gashi a cikin baƙar leda, a bayan mota, a kan hanyar Tambuwal da Jega da tsakar rana, ba kyauta ba ce, jarrabawa ce ga wanda aka kai wa.

Kilishi dai a bar wa masu shi. Sana'a ce ta mahauta: a yanyana tsoka ta zama shimfiɗa siririya, a shanya a kan gadon kara, a tsoma a labu, wato kwaɓin tunkuza da albasa da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna wa wuta. Mai koyo a tsakar gida zai ɓata nama ne kawai. Abin da mai saye zai lura da shi shi ne bushewa: kilishi mai kyau na karyewa ko ya yage da ɗan ƙara, ba ya lanƙwasa kamar fata, ba ya kuma warin tsohon mai. A karɓi ɓalli a ɗanɗana kafin a biya, ba abin kunya ba ne. Da damina a fi kiyayewa, domin rana ba ta isar sa. A sa a naɗe shi a takarda mai tsabta, ba tsohuwar jarida ba, tawadarta na bin mai. Kada kuma a ɗaure shi a leda tun yana da ɗumi.

Akwai kyauta guda biyu da ba a cika yi musu kallon kyauta ba, alhali mai girki ta fi murna da su a kan kwalin lemo: soyayyen man shanu da dakakken yaji.

Man shanu a saye shi ɗanye wurin Bafulatanar da aka saba da ita, wadda ke kawo nono gida, domin na bakin kasuwa gab da Sallah ana samun mai gauraye. A wanke shi da ruwan sanyi a fitar da sauran nono, a sa a tukunya a kan wuta kaɗan. Zai yi kumfa yana tsartsatsi, alamar ruwa na fita. In kumfar ta fara kwanciya a zuba yankakkiyar albasa, wasu na ƙara ɗan kanumfari. Da zarar albasar ta yi ja, ƙarar suyar ta lafa, man ya yi garau ana hango gindin tukunya, a sauke. Minti biyu na sakaci a wannan gaɓa sai ya ƙone ya yi ɗaci. A tace da kyalle mai tsabta a cikin kwalbar da aka wanke aka shanya ta bushe. Kwalba guda ta wannan mai za ta gyara tuwon gida na tsawon wata, kuma duk daren da aka zuba shi a miya sai an ambaci wadda ta aiko.

Yaji kuwa kowace mace da hannunta, amma ga ma'aunin da ba ya ba da kunya: busasshen barkono gwangwani 2, ƙuli-ƙuli gwangwani 2, busasshiyar citta rabin gwangwani, sai masoro da kimba da kanumfari kaɗan-kaɗan, da gishiri da ɗanɗano. A shanya komai ya sha rana kafin daka, a daka kayan ƙamshin da barkonon daban, a tankaɗe, sannan a haɗa da garin ƙulin. Kanumfari da kimba na da ƙarfi, in suka yi yawa sai su danne sauran. A ɗanɗani ƙulin tun a kasuwa. Mai ɗaci ko warin ajiya an yi shi ne da gyaɗar da ta yi fumfuna, irin wadda likitoci ke gargaɗi a kanta saboda hanta. Ga tsofaffi masu son ɗumame da safe, a yi musu na daddawa: a bar ƙulin, a sa daddawar kalwa da aka shanya ta bushe ƙarau.

Kayan zaƙi su ne adon kyauta, kuma a nan ya kamata mace ta san iyakar hannunta. Alkaki da nakiya da dubulan, waɗanda aka saba gani a garar amarya, ba aikin daren Sallah ba ne. Alkaki na son ɓarzajjiyar alkama a kwaɓa ta kwana ta tashi, a gyara tsaminta da ruwan kanwa, a naɗa, a soya a hankali har cikinsa ya soyu, sannan a tsoma a zuma ko dafaffen sukarin da aka sa wa tsamiya ko lemon tsami. Nakiya, ta shinkafa da man shanu da kayan yaji, dakanta kaɗai na cin ƙarfin mata biyu, sai dai in ta yi kyau tana yin watanni. Wadda ba ta taɓa yi ba ta kai wa gwanayen unguwa aikin, ba ragwanci ba ne. A kowane gari, daga Sifawa da Dingyaɗi zuwa Kajiji da Dandin Mahe, an san gidajen da ake kai irin wannan aiki.

Abin da kowa zai iya shi ne kantun riɗi. Riɗi gwangwani 2, sukari gwangwani 1. A rege riɗin sosai, domin tsakuwa ɗaya a haƙorin suruki ta isa a daɗe ana labari. A shanya, a soya ba mai har ya fara tsalle yana ƙamshi. A wata tukunya a narka sukarin a kan wuta kaɗan da 'yan ɗigon lemon tsami, ba ruwa. Da ya narke ya yi ruwan zuma a juye riɗin a juya da sauri, a zuba a farantin da aka shafa wa mai, a murza da kwalba, a yanka tun da ɗumi. In ya huce ba ya yankuwa, sai dai ya farfashe. Gullisuwa da tuwon madara yara na son su, amma tuwon madara ba ya jure zafin bazara, a yi shi ranar jajibere a raba a cikin gari.

To, ba kowa ke da lokacin turmi da kasko ba. Ma'aikaci, ko ɗan kasuwa, ko saurayin da zai je gaida surukai, dole ya shiga kasuwa, kuma babu aibi a kyautar saye in an zaɓa da ido. Sakkwato ba nisa daga Boɗinga da Shagari, Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa na da duk abin da ake nema. Dabino na kan gaba, ko busasshen da ke shigowa ta Illela daga Nijar, ko mai laushi na kwali daga ƙasashen Larabawa. Kowanne ne, a ɓare biyu ko uku daga ƙasan tiya a duba ciki, domin ƙwaro daga ciki yake ci. Busasshen ya fi jure ajiya, kuma in aka haɗa shi da cuku da aya an yi kyautar da mai sha'awar fura ko kunun aya zai yaba. Zuma a saye ta wurin wanda aka sani. Gwajin ashana da na ɗigawa a ƙasa da ake yi a tasha ba ya tabbatar da komai, masu dafa sukari sun daɗe da sanin yadda za su ci wannan jarrabawa. Kuma in gidan da za a kai akwai jariri, a tuna ba a ba yaron da bai shekara ba zuma.

Kayan kanti, irin su madarar gari da Bournvita ko Milo, ganyen shayi, sukari, taliya da man girki, a duba abu uku a jikinsu: ranar lalacewa, lambar hukumar NAFDAC, da lafiyar mazubin. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a ajiye shi ko da an rage kuɗi. A yi hattara da kwandon da aka riga aka naɗe da leda mai ƙyalli, domin sau da yawa abin da ya daɗe a kanta ne ake cusawa a ƙasa. Gara mutum ya zaɓi kaya uku masu kyau da hannunsa. Cakulan kuwa, a watan Afrilu, kafin a kai shi Shagari ya zama kunu.

Wani lokaci abin da ya fi dacewa da mai son abinci ba abincin ba ne. Matashin da ke dafa shayi a majalisa zai ji daɗin ƙaramar butar shayi da 'yan kofuna, da ƙullin citta da kanumfari da na'ana'a. Amaryar bana za ta yi murna da kula mai riƙe zafi ko ƙaramin turmin jajjage. Dattijon da ya ce tuwo bai yi masa daɗi a roba, a nemo masa akushi.

Sai batun wa za a ba me, wanda a nan ne kyauta ke gyaruwa ko ta ɓaci. Boɗinga gari ne na malamai tun zamanin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a cikinsa, lokacin da Shehu ke Sifawa, kuma har yau da wuya gidan da ba shi da malamin da yake kai wa gaisuwar Sallah. Gidan malam gidan baƙi ne, saboda haka a kai abin da ke rabuwa: dabino, goro, sukari da ganyen shayi, ko shinkafa 'yar gida. Surukai ba a zuwa musu ba goro, ko da me aka riƙo. Ƙwarya guda, wato goro 100, ga mai hali. Wanda bai kai nan ba ya sayi rabi ko abin da ya sawwaƙa, amma ya zaɓi mai ƙwari mara tabo, a naɗe a ganye da ɗan danshi. Shi kaɗai ne a cikin kayan nan bushewa ke kashewa. Inna ko Baba mai ciwon sukari kada a kai masa alkaki don ana son sa. A kai bandararren kifi, irin wanda masunta ke kamawa a ruwan Shagari ko wanda ake kawowa daga Yawuri, da daddawa, da busasshen zogale da kuɓewa. Mai hawan jini a rage gishiri da ɗanɗano a nasa dambun, a kuma gaya masa an rage. Gidan da ke da mata biyu ko uku, a ƙulla wa kowace nata daidai wa daida tun daga gida, kada a bar wa maigida rabon. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti ko mai yi wa ƙasa hidima da ya zo daga Kudu, wanda bai tafi gida ba, shi ma maƙwabci ne. Ƙullin kilishi ko dambu da za a ba shi sai ya kai labarinsa garinsu, kuma a Kirsimeti shi ma zai tuna.

Kyauta daban, zakkar fid-da-kai daban. Wannan hakkin mabuƙata ce da ake fitarwa kafin sallar idi, kada a lissafa kwanon alkakin da aka kai wa aminiya a cikinta.

Wajen zubi, kwalba da roba mai murfi sun fi leda. A wanke, a kife a rana su bushe, a tabbatar ba su da warin abin da ya taɓa zama a ciki. Kada a haɗa yaji da kayan zaƙi a mazubi ɗaya, kada kuma a sa sabulu ko turare a jaka ɗaya da man shanu, yana ɗaukar ƙamshi nan da nan. In cikin gari ne, samira mai tsabta da sabon faifai a kai ta wadatar. A aiki yaro mai natsuwa, a koya masa abin da zai faɗa: "Inna ta ce in gaishe ki, ta ce ga wanga ba yawa, barka da Sallah." Ita kuma Gwaggo za ta ce, "Madalla, Allah shi yi albarka, Allah shi maimaita muna." Wadda aka kawo wa ta tuna yaba kyauta tukuici, ta sa wa yaron wani abu a hannu, kada kuma kwanon mutane ya kwana uku a gidanta ko ya koma wayam.

Abin da ya rage shi ne lokaci. Riɗi, barkono, citta, sukari da dabino a saye su tun tsakiyar azumi, ko tun kafin watan layya ya kama, domin a makon ƙarshe kuɗinsu na tashi, masu kyau kuma sun ƙare. Yaji da man shanu a gama su mako guda kafin Sallah, kantu kwana uku, dambu kwana biyu. Mai son alkaki ko nakiya daga hannun gwana ya kai alkamarsa da kuɗin aiki tun da sauran kwanaki, in ya bari sai jajibere zai tarar layi ya cika.